Wane makirfo zan saya don naɗar waƙa a gida idan kuɗina kaɗan ne?

"Malam, ina rera waƙoƙin soyayya da na biki, kuma ina haɗa kiɗana da kaina a laftof. Na gaji da biyan kuɗin sitidiyo a kan kowace waƙa, shi ya sa nake so in fara naɗar muryata a ɗakina. Ɗakin na siminti ne, ƙasansa tayil, rufinsa kwano, kuma gidanmu yana kusa da titi. Abin da na tara, idan aka canza shi, ba zai wuce dala 150 ba. Abokaina sun ce in sayi kondensa domin shi ake gani a manyan sitidiyo, wani kuma ya ce in sayi BM-800 da ake haɗawa da ɗan akwatin V8 tunda yana da araha. Wanne ya fi dacewa da ni?" (Wani mai karatu daga Zariya)

Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya, kuma na ji daɗin yadda ka bayyana ɗakin, domin yawancin masu tambayata sunan makirfo kawai suke so in faɗa musu, alhali kuwa rabin amsar tana cikin ɗakin da za a rera waƙar. Idan na fahimce ka, abin da kake nema shi ne makirfon da zai ba ka murya tsaftatacciya wadda za ta zauna a kan kiɗa ba tare da kunya ba, a cikin ɗakin da ba a gina shi don ɗaukar sauti ba, da kuɗin da dole su ishi makirfon da duk abin da ke tafiya tare da shi. Amsata a taƙaice ita ce ka sayi makirfo nau'in dainamik da ɗan akwatin da ke haɗa shi da kwamfuta, ka bar maganar kondensa zuwa lokacin da ɗakinka ya cancance shi, kuma ka kawar da kai daga BM-800. Sai dai ba na so ka karɓi wannan don kawai na faɗa, saboda haka bari in warware maka dalilan.

Yadda nau'ukan biyu suke aiki

A cikin kowane makirfo akwai wata 'yar siririyar fata da iskar murya ke girgizawa, kamar dai yadda fatar ganga ke rawa idan aka yi ƙara kusa da ita. Bambancin yana wajen yadda ake mayar da girgizar ta zama lantarki. A makirfon dainamik, an liƙa wa fatar wani naɗin siririyar waya da ke kai da komowa a cikin maganaɗisu, kuma wannan motsi shi ne ke haifar da lantarkin. Ba ya bukatar wuta daga waje, yana jure faɗuwa da ƙura da gumi, amma saboda nauyin naɗin wayar ba ya saurin kama sautuka masu laushi da na can sama. A kondensa kuwa, fatar ta fi sirantaka nesa ba kusa ba, tana tsaye dab da wani farantin ƙarfe, kuma sauyin tazarar da ke tsakaninsu ake aunawa. Wani injiniya mai suna E. C. Wente ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a shekarar 1916. Shi wannan nau'in yana bukatar wuta mai bolt 48 da ake tura masa ta cikin kebul ɗinsa, wadda ake kunnawa da maɓallin da za ka ga an rubuta 48V a kansa, kuma yana jin komai: numfashi, motsin leɓe, ƙarar zoben hannu, da kukan akuyar maƙwabta.

Wannan jin komai shi ne abin da ya sa abokanka suke ganinsa a manyan sitidiyo, kuma shi ne abin da zai cuce ka a ɗakinka. Sun ga makirfon, amma ba su lura da bangon da aka lulluɓe da kayan shanye sauti ba, da ƙofa mai ninki biyu, da na'urar sanyaya ɗaki da aka nisanta injinta. Wanda ya sayi makirfon ya bar ɗakin ya ɗauki rabin abin ne kawai.

Na taɓa zuwa taimaka wa wani matashi da ya sayi kondensa mai kyau na gaske, ya kira ni yana cewa an sayar masa da jabu domin muryarsa tana fita kamar daga cikin randa. Na sa hedifon, na ce masa ya yi shiru, na ɗaga sautin kaɗan. Abin da na fara ji shi ne injin markaɗe daga bayan layinsu, sai kurɗawar 'yan adaidaita sahu a bakin titi, sai kuma wani ƙyas-ƙyas da muka daɗe muna nema kafin mu gane agogon bango ne da ke saman ƙofa. Da ya fara rerawa, kowace kalma sai ta daki bangon siminti ta dawo ta shiga makirfon a karo na biyu, ta bar wata 'yar jela a bayanta. Makirfon lafiyarsa ƙalau, gaskiyar ɗakin kawai ya faɗa. Na ciro wani tsohon dainamik daga jakata, na ce ya matso da bakinsa kamar faɗin yatsu uku, muka sake ɗauka, shi da kansa ya cire hedifon yana dariya.

A nan akwai wani abu da ya kamata in gyara, domin ana yawan faɗinsa ba daidai ba. Dainamik ba shi da wani sihiri da ke tace hayaniya. Babban sirrin shi ne kusanci. Ƙa'idar sauti ita ce duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakanin baki da makirfo, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana raguwa da kimanin desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali hayaniyar titi da amon bango suna nan yadda suke. Dainamik an gina shi ne don a rera dab da shi, santimita 5 zuwa 10, shi kuwa kondensa yawanci sai an ja baya kamar taƙi guda, santimita 15 zuwa 20, kafin murya ta daidaita. Saboda haka a dainamik muryarka tana rinjayar ɗakin da rata mai yawa, sannan rashin kaifinsa a sautukan sama yana ƙara rufa wa ɗakin asiri.

Maganar BM-800 da ɗan akwatin V8

Shi wannan kyan ɗan maciji ne. Yana zuwa da launin zinare, da ragar ƙarfe mai sheƙi, da mariƙi mai zaren roba kamar saƙar gizo-gizo, wani lokaci har da hannun da ake ɗaurewa a tebur, duk a farashin da bai kai na kebul mai kyau ba. Idan ka kwance kansa, a mafi yawansu abin da za ka tarar ɗan ƙaramin ƙwayar makirfo ne irin wanda bai fi maɓallin riga girma sosai ba, an zaunar da shi a cikin babban gida. Ba kamfani ɗaya ke yin sa ba, masana'antu da yawa ne ke buga sunan a kan kayansu, shi ya sa biyu da aka saya a shago ɗaya kan iya bambanta. Yana da wani "shiii" da ke kwance a ƙarƙashin murya, kuma yana kaifafa sautukan sama har su soki kunne. Shi kuma V8 an yi shi ne don masu hira kai tsaye a waya, masu son tafi da dariya da amo na wasa, ba don naɗar waƙar da za a tace ba. Idan burinka ka yi wa masoyanka waƙa kai tsaye a TikTok, zai yi maka aiki. Idan kuwa waƙar da za a saka a gidan biki ta manyan sifiku kake nufi, to araha ba ta ado.

Akwai wani dalili da ya shafi harshenmu musamman. Hausa tana da sautuka masu fita da kaifi, irin su ts da ƙ, ga kuma s da sh da suka cika baitocinmu. Ka gwada rera "tsakanina da ke akwai ƙauna" a gaban kondensa mai araha, za ka ji kowace ts tana tsaga kunne kamar an fasa kwalba, kuma cire wannan kaifin daga baya yana cin murya. Sannan yawancin waƙoƙinmu na zamani ana bi da su ta manhajar daidaita murya irin Auto-Tune, ita kuwa wannan manhaja tana bin sautin da aka ba ta ne. Idan muryar ta zo da amon ɗaki da gurnanin janareta, sai ta rikice ta riƙa karkarwa a inda bai kamata ba. Murya busasshiya daga dainamik ta fi yi mata daɗin aiki.

Waɗanda zan iya tsaya musu

Sarkin dainamik na murya shi ne Shure SM58, wanda ya fito a shekarar 1966 kuma har yau ake ƙera shi kusan yadda yake. Shi ne mai zagayayyen kai da ka saba gani a hannun mawaƙa da masu wa'azi. Ɗan'uwansa SM57 ya girme shi da shekara ɗaya, ƙwayar cikinsu kusan iri ɗaya ce, sai dai shi ba shi da zagayayyar ragar, shi ya sa aka fi kafa shi a gaban ganguna da kayan busa. Farashin kowannensu a ƙasashen waje ya daɗe yana kusan dala 100, kafin a ɗora kuɗin shigowa da ribar ɗan kasuwa. Ka ga ke nan idan ka saye shi sabo, kashi biyu cikin uku na kuɗinka sun tafi, ga akwatin haɗi da hedifon ba ka saya ba.

Saboda haka a kan kuɗin da ka ambata, abin da nake ba da shawara shi ne Behringer XM8500. Kuɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na SM58 ba, kuma na sha ɗora su gefe da gefe. Akwai bambanci, ba zan ɓoye maka ba: SM58 ya fi santsi a tsakiyar murya, kuma ya fi shanye ƙarar hannu idan an riƙe shi. Amma da zarar an kafa XM8500 a kan ƙafarsa, aka tace muryar, aka ɗora ta a kan kiɗa, mai sauraro a waya ko a mota ba zai tsaya yana tambayar wane makirfo ne ba. Wata hanyar kuma ita ce Samson Q2U, ko makamancinsa Audio-Technica ATR2100x. Su ma dainamik ne, amma suna da ƙofa biyu a gindinsu, ta USB da ake sokawa kai tsaye a kwamfuta, da ta XLR da ake kaiwa akwatin haɗi, har da ramin hedifon. Amfaninsu shi ne za ka fara aiki yau ba tare da akwatin ba, ranar da ka samu kuɗi ka saye shi kuma makirfon bai zama asara ba. Wannan ya bambanta su da makirfon da USB kaɗai yake da shi, wanda duk ranar da ka so faɗaɗa aiki sai dai ka ajiye shi.

Za ka kuma ji ana zuzuta Shure SM7B, baƙin nan mai kauri da masu shirye-shiryen intanet ke magana a gabansa. Makirfo ne mai kyau, amma kuɗinsa ya ninka na SM58 kusan sau huɗu, kuma yana bukatar a ɗaga sautinsa da kimanin desibel 60, abin da ƙananan akwatunan haɗi ke yi da ƙyar. Ba naka ba ne a yanzu.

Idan wata rana ka samu ɗaki mai shiru, kondensan farko da zan nuna maka shi ne Audio-Technica AT2020, wanda farashinsa ke kusa da na SM58. Sama da shi akwai Rode NT1, wanda ya shahara da ƙarancin hayaniyar cikinsa, tunda tasa ba ta kai desibel 5 ba yayin da ta AT2020 take 20. Wannan bambanci yana fitowa ne a waƙa mai sanyi ko kayan kiɗa mai ƙaramar murya.

Akwatin haɗi da sauran tarkace

Makirfo mai ƙofar XLR ba ya shiga kwamfuta sai ta wani ɗan akwati da ake kira intafes, wanda masu sitidiyo da yawa a wajenmu ke ce wa saun kad. Aikinsa shi ne ya ɗaga raunannen lantarkin makirfo, ya mayar da shi lambobin da kwamfuta ke karantawa, ya kuma ba ka damar jin muryarka a hedifon nan take ba tare da jinkirin da ke rikita mai rerawa ba. Focusrite Scarlett Solo da 2i2 su ne aka fi sani, kuma suna da kyau, amma a kan kuɗinka Behringer ya fi sauƙi. A cikin nasu akwai UMC22 mai ƙofar makirfo ɗaya, akwai UMC202HD mai biyu. Idan za ka iya miƙa hannu, ka ɗauki na biyun, domin yana ɗaukar sauti a kan bit 24 maimakon 16, wato ya fi auna shi dalla-dalla, yana da direban kansa a Windows, wato 'yar manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, abin da ke rage ciwon kai a manhajojin haɗa kiɗa irin FL Studio ko Cubase, kuma ƙofa ta biyu za ta yi maka rana duk lokacin da ka so naɗar murya da fiyano a tare. Shi fiyano, kada ka manta, ba ya bukatar makirfo, kebul ake ja daga bayansa zuwa akwatin.

Ragowar kuɗin ka raba su uku. Na farko hedifon mai rufaffen baya wanda ke kama kunne gaba ɗaya, domin idan kiɗa yana yoyo daga kunnenka makirfon zai kwashe shi ya cakuɗa da murya. Na biyu kebul ɗin XLR mai kyau, mai ƙafa uku a kowane kai. Yadda aka tsara wayoyin cikinsa yana sa hayaniyar da ya tsinto a hanya ta kashe kanta, abin da kebul mai ƙaramin kai irin na iyafis ba ya yi. Na uku ƙafar makirfo, domin riƙewa a hannu yana kawo gurnani da sauyin tazara. Ita kuwa ragar tare iska da ake sawa a gaban baki, ba sai ka saya ba idan kuɗi sun ƙare. Na sha lanƙwasa waya in yi zobe, in ja safar nailon a kai, in ɗaure a gaban makirfo, har akwai ranar da muka ari ƙaramar rariyar tankaɗe daga kicin ɗin masu gida, muka wanke ta, muka ɗaure da kyauron roba, ta yi aikin tsaf. Abin da take tarewa shi ne iskar da ke fita da ƙarfi a kan b da f, wadda ke dukan fatar makirfo ta yi "bum".

Hattara da jabu

SM58 yana cikin makirfon da aka fi kwaikwaya a duniya, kuma ni kaina na taɓa faɗawa. Shekarun baya na saya a wani shago, kwali da jaka da takardu duk sun cika, farashin kuma ƙasa da rabin wanda na sani, na ɗauka sa'a na taka. Da na dawo na ɗora shi a tafin hannu ɗaya, na aro na gaske na ɗora a ɗayan, sai na ji nawa ya fi sauƙi. Na murza yatsa a jikinsa, hedifon ya cika da gurnani, shi kuwa na gasken da ƙyar ake jin motsin. Na gaske nauyinsa kimanin giram 300 ne, kuma a cikinsa akwai wata roba mai iska da ke raba ƙwayar da gangar jiki. Masu jabu sun ƙware a kwali da rubutu, wasu ma suna ƙara ƙarfe don nauyi, saboda haka kada ka dogara da ido. Duk wanda ya ce zai ba ka sabon SM58 a kan kuɗin XM8500, ka gode masa ka wuce. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi son mai ƙaramin ƙarfi ya sayi mai araha na gaskiya a kan mai suna na ƙarya.

Ko a Sabon Gari a Kano za ka saya, ko a Alaba a Legas, ko a hannun wani mai sitidiyo da ke rage kaya, ka tafi da laftof ɗinka da hedifon ɗinka, ka nemi a bar ka ka rera baiti ɗaya ka saurara. A wannan ciniki ji ne ya kori gani. Dainamik na hannu, wato wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, ba abin tsoro ba ne, domin ko ragarsa ta lotse ana sauya ta, kuma cikinsa yana daɗewa. Kondensa na hannu kuwa sai an yi taka-tsantsan, saboda ƙurar hunturu da laimar damina suna kwanciya a kan fatarsa, sai ka ji yana tartsatsi kamar ana suya. Wanda ya mallake shi ya riƙa mayar da shi akwatinsa bayan aiki, tare da 'yan ƙullin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi.

Gyaran ɗaki da wutar lantarki

Ka tsaya a tsakiyar ɗakinka ka tafa sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji wani "tirrr" ya biyo baya, wannan shi ne abin da ke ɓata naɗi. Maganinsa kaya masu kauri da laushi: katifa a jingine da bango, bargo a rataye, kafet ko darduma mai kauri a kan tayil, labule mai nauyi a taga, har da durowar kaya a buɗe. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango, wanda ya zama kamar alamar sitidiyo a unguwanninmu, ba ya yin abin da ake zato. Ya yi sirantaka da yawa, ba ya hana ƙarar waje shigowa, ga tara ƙura da kyankyasai, ga saurin kama wuta.

Wurin da ya fi muhimmanci ka rufe shi ne bangon da ke bayanka, kuma a nan mutane da yawa suke kuskure. Irin waɗannan makirfo da na ambata duk sun fi ji ta gaba, suna ji kaɗan ta gefe, kusan kurame ne ta baya. Tunda fuskarsa tana kallonka, tana kallon bangon da ke bayanka ke nan, kuma duk abin da ya dawo daga can zai wuce ta kafaɗarka ya shige. Saboda haka ka jingina katifa a bayanka, ka juya gindin makirfon ya kalli taga ko laftof, wato inda hayaniya ta fi fitowa. Kada ka shige kusurwa, domin can sautin ƙasa yake taruwa ya yi kauri.

Ita hayaniyar waje, ba katifar da za ta tare ta, lokaci ne maganinta. Ni na fi samun natsuwa bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare, idan titi ya lafa kuma maƙwabta sun kashe janareta. Bayan asuba ma akwai shiru, amma zakaru ba sa ba da haɗin kai, muryar kuma ba ta gama buɗewa ba. Fanka dole a kashe ta, saboda haka a bazara ka riƙa ɗaukar baiti ɗaya ko biyu, ka tsaya ka sha iska. Idan ruwa ya sauko a kan kwano, ka rufe laftof ka je ka huta.

Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan babu kyakkyawar wayar ƙasa a gida, wannan kaɗawa kan shiga naɗi a matsayin wani "hmmm" mai kauri. Janareta da inbata mai araha suna ƙara nasu zizar a kai. Kafin ka zargi makirfo, ka zare cajar laftof ka yi aiki da batir. A lokuta da yawa da aka kira ni kan wannan matsala, a nan ta ƙare. Ka kuma nisanta wayar salula daga kebul, kada ka bar kebul ɗin makirfo ya kwanta a jere da na wuta.

Yadda za ka rera a gabansa

Ka saita maɓallin ɗaga sauti ta yadda idan ka kai ƙololuwar muryarka, ma'aunin da ke manhajar zai tsaya tsakanin desibel 12 da 6 ƙasa da sifili. Idan ya taɓa ja, sautin ya fashe, kuma babu manhajar da za ta ɗinke shi yadda yake. Ka sani kuma cewa irin wannan makirfo yana ƙara wa murya kauri yayin da ka matso dab da shi. Mai siririyar murya zai ci riba da haka, mai kakkaura kuwa gara ya ɗan ja baya. Idan ts da sh suna da kaifi, ka karkatar da makirfon kaɗan ya kalli gefen bakinka. A wajen ɗaga murya ka ja kai baya da faɗin yatsu biyu, a wajen sanyi ka dawo.

Ba ka ambaci kayan kiɗan gargajiya ba, amma tunda waƙar biki kake yi, watarana za ka gayyato mai kalangu. Dainamik ɗin nan zai ɗauke shi sarai, ka kafa shi kamar taƙi ɗaya ko biyu daga fatar da ake kaɗawa, ka roƙi makaɗin ya rage yawo, duk da na san roƙon ba ya cika karɓuwa idan kiɗa ya yi daɗi. Algaita da kakaki suna da ƙarfi ƙwarai, sai a ja baya kuma a kauce wa bakinsu kai tsaye. Inda dainamik ke gazawa shi ne kayan tsirkiya masu ƙaramar murya irin gurmi da kuntigi, da kuma 'yan amshi uku ko huɗu da ke son rerawa tare a kewaye da makirfo ɗaya. A nan kondensa ya fi, kuma kafin ka mallake shi mafita ita ce ka naɗi 'yan amshin ɗaya bayan ɗaya ka jera muryoyinsu a manhaja.

Iyakar shawarata ita ce ban ji muryarka ba, ban kuma tsaya a ɗakinka ba, kuma makirfo kamar hula yake, wadda ta zauna a kan wani ba lallai ta zauna a kanka ba. Na taɓa aiki da wata mawaƙiya mai sanyin murya ƙwarai wadda dainamik ya dusashe ta, ba mu samu abin da muke so ba sai da muka koma kondensa muka jira dare ya raba. Idan muryarka irin wannan ce, za ka gane tun a gwajin farko a shago. Farashi ma yana tafiya ne da canjin dala, saboda haka lissafin da na yi maka na rabon kuɗi ne: kimanin rabi ga akwatin haɗi, kashi ɗaya cikin biyar ga makirfo, ragowar ga hedifon da kebul da ƙafa. Idan ka haɗa su, ka naɗi baiti ɗaya sau biyu, ɗaya a ɗakin yadda yake, ɗaya bayan ka jingina katifa a bayanka ka shimfiɗa darduma, sannan ka turo mini duka biyun ba tare da ka sa musu amo ko Auto-Tune ba, in saurara in gaya maka abin da ya rage a gyara.